Inna a Gidan Maiturare

Shafi na 19

Assalamu alaikum. Masu aiko min saƙo, duk na gani, ku yi haƙuri. Wutar layinmu ce ta ƙi zama, wayar kuma ba ta riƙe caji. Bismillah.

*

Tun kafin mu shiga layin mai keke napep ɗin ya taka birki.

"Nan zan sauke ku."

Anti Hilda ta leƙa waje. "Nan ina? Gidan Maiturare muka ce."

"Na ji. Ga shi can, mai jan bangon nan da mutane suka cika ƙofarsa. Ku ƙarasa da ƙafa."

"Ƙaton namiji kamar kai, kana tsoron gida?"

"Madam, keken ba nawa ba ne, amma ran nawa ne. In kin shiga ki gaishe min da masu gidan."

Na sauko, silifas ɗina ya nutse a caɓi, na tsaya ina jan sa. Ƙafafuna sun daina ciwo tun ɗazu, sun koma kamar ba a jikina suke ba.

Tun hantsi nake neman Inna.

Ina bayan ɗaki ina wanke zanin gadon da ta ɓata, na manta ban sa sakata ba. Kafin in shanya ta fice. Ba yau ta fara ba. Tun da ciwon mantuwar nan ya kama ta, in ta ga ƙofa a buɗe sai ta bi. Wani lokaci a bakin masallaci nake samunta, wani lokaci wajen masu tumatir. Ni ce auta, ni ce a gida, don haka ni ce mai bi. Yaya Fakhru yana fita aiki Abuja tun asuba, in ya dawo ko takalmi da ƙyar yake cirewa.

Yau na zaga unguwarmu Kwamba kaf, na je kasuwa, na je tasha, na leƙa asibiti. Babu ita. Bayan azahar na dawo na zauna a bakin ƙofa, sai Anti Hilda, maƙwabciyarmu da ɗakinta ke kallon namu, ta fito daga shagonta da waya a hannu.

"Fauzi, zo ki duba wannan. Amma kada ki yi ihu."

Bidiyo ne ake ta turawa. Tagar wani tsohon bene, da tsohuwa a tsaye tana kallon hanya. An rubuta wai fatalwar Gidan Maiturare ta fito da rana tsaka. Mai ɗaukar yana ta salati.

Atamfar jikin fatalwar ni na ɗaura mata ita da safe.

Duk wanda ya tashi a Suleja ya san gidan. Tun garin nan ana ce masa Abuja, kafin ya koma Suleja, aka gina shi, da jar ƙasa, har da bene. Mai shi attajiri ne, fataucin turare yake yi, shi ya sa sunan ya bi shi. Wata shekara ya yi tafiya, mutanen unguwa suka shiga gidan suka kashe matarsa Sadiya a bakin rijiya, wai mayya ce. Da ya dawo ya sa kwaɗo ya bar garin, bai sake waiwayowa ba. Tun daga nan ba wanda ya ƙara kwana a ciki. Wasu su ce suna jin ana jan guga, wasu su ce ƙamshin turare na fitowa ranar Juma'a. Muna yara, in ka ƙi wanka sai maƙwabta su ce za a kira maka Sadiya.

Ƙofar gidan cike take. Samari, 'yan acaɓa da suka kashe injin, mata da goyo. Kowa ya bar tazara tsakaninsa da bangon. Wasu na riƙe da waya. Wasu na riƙe da abin da ba waya ba.

Wani dattijo mai farin gemu na tsaye a jikin ƙyauren da makulli a hannu. Malam Siddiq na ji ana kiransa. Gidansu ne a jikin wannan, kuma a hannun mahaifinsa aka bar makullin tun da.

"Ku dubi kwaɗon nan," wani saurayi mai jar hula yake cewa. "A kulle yake, tsatsa ta cinye shi. To ta ina ta shiga?"

"Ta sama mana."

"Mai ne ya ƙare mata a hanya ta sauka."

Aka yi 'yar dariya, ba ta je ko'ina ba ta mutu.

Anti Hilda ta dube ni, ta ja hannuna ta kutsa cikinsu.

"Abeg ku ba mu hanya. Ba fatalwa ba ne. Maman wannan yarinya ne. Ba ta da lafiya, kanta ba ya riƙe abu."

Gaba ɗaya suka juyo. Na ji kamar in shige cikin hijabina.

"Yarinya," Malam Siddiq ya ce, "gaskiya ne? Mahaifiyarki ce?"

"Eh, Baba."

"Ɗaga murya, kunnena ba na jiya ba ne."

"Ita ce. Sunanta Azumi. A Kwamba muke."

"Daga Kwamba ta tako har cikin gari?"

"In ta samu hanya ba ta tsayawa."

Sai wata mata ta ratso mutane, ɗankwali a hannu, idanunta sun kumbura. Ba ta girme ni sosai ba. Ta kama bakin hijabina ta riƙe.

"Ke ce 'yarta? To alhamdu lillahi. Ki ce mata ta sakar min 'yata."

"Wace 'ya?"

"Umaima. Tana wasa a bayan gidan nan da safe, tsohuwar ta ɓullo mata ta shafa mata kai. Kafin azahar yarinya ta faɗi. Tana can tana fizge-fizge, ba abin da take cewa sai tsohuwa, tsohuwa."

"Jiya jikinta babu zafi?" Anti Hilda ta tambaya.

"Ɗan zafin damina ne, wane yaro ne ba ya yi? Ke Madam, ba da ke nake ba."

"Ki kai ta asibiti, my sister."

"Na kai yayanta bara. Da hannuna na kai shi, a naɗe aka dawo min da shi." Ta sake juyowa kaina. "Ba abu mai yawa nake nema ba. Ta fito ta tsallaka ta."

Na san abin da take nufi. In aka ce mayya ta kama kurwar mutum, sai a kwantar da shi a ƙasa a sa ta tsallaka shi. Wai a nan take sakin abin da ta kama.

Malam Siddiq ya dube ni. Sannan ya juya ya sa makulli. Kwaɗon ya ƙi, sai da wani ɗan acaɓa ya ɗiga masa baƙin mai.

"Ku biyu kawai," ya ce. "Ku lallaɓo ta. Ni zan tsaya a nan, amma kun dai ga shekaruna."

Ya tura mu ciki ya ja ƙyauren.

Zauren duhu ne, ga warin kashin jemage. Anti Hilda ta kunna fitilar waya tana kiran sunan Yesu a hankali, ni kuma ina karanta duk abin da ya zo bakina. Azarar rufin ta yi baƙi, wasu sun lanƙwaso. A bango akwai zane irin na da, rabinsa ya zube.

"Fauzi, in na ga wani abu ni zan fara gudu. Kada ki ce ban gaya miki ba."

"To, Anti."

"Ki yi dariya mana. Ina ƙoƙari."

Muka wuce zaure na biyu muka fito tsakar gida.

Ciyawa har ƙugu. Ɗakuna a jere, wasu ba ƙyaure, ɗaya rufinsa ya rufta, gwanda ta fito a tsakiyarsa. Can tsakiya ga rijiyar, an rufe bakinta da tsohon kwano an danne da duwatsu.

Inna na zaune a gefenta.

Ta tuge ciyawar wurin da hannu, ta share da wani guntun reshe, wurin ya yi fes kamar za a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Tafin hannunta duk ya yayyanke. Ta ɗago ta gan mu, ta yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Lale, lale. Baƙi muka yi. Ku ƙaraso."

"Inna, ni ce. Fauziyya."

"Sannu Fauziyya. Daga wane gida?"

Na saba. Na durƙusa na ɗaga ƙafarta na fara cire mata ƙayoyi.

"Inna, tashi mu tafi gida. Ba ki ci komai ba, maganinki ma ba ki sha ba."

"Wane gida kuma? Ai ga ni a gida."

"Mama, wannan ba gidanki ba ne," in ji Anti Hilda. "Gidanki yana Kwamba. Ni ce Hilda, mai ba ki biskit."

Inna ta yi dariya. "Wannan baƙuwar da ban dariya take." Ta fara nuni da hannu. "Ga ɗakin Iya can. Wancan na Baba ne, ba a shiga, kwalabensa na ciki, in ka fasa ɗaya ka shiga uku. Benen na baƙi ne. Na hau ɗazu in duba ko ayarin su Baba ya taho, ban gan su ba."

A gida Inna ba ta iya jera magana. Cokali ma wani lokaci sai ta riƙe tana tambayata sunansa. Amma ga ta nan, magana na fita tar.

"Kina wasan carafke?" ta ce min. "Je ki jikin madafi, ƙasan tagar nan akwai rami. Duwatsuna na ciki. Kada ki gaya wa kowa, sace min ake yi."

Na je ne kawai don ta ji daɗi ta yarda ta tashi. Ƙasan tagar kuwa akwai ɗan rami, saƙar gizo-gizo ta toshe shi. Na sa kara na share, na tura hannu ina tsoron kunama.

Duwatsu ne. Ƙanana, masu santsi, irin na bakin rafi, duk girmansu ɗaya.

Na tsaya da su a tafin hannuna.

Abin da muka sani, Inna marainiya ce, wata gwaggonta ta riƙe ta a Iku har ta aurar da ita. Ba ta taɓa kai mu wajen dangin uwa ko na uba ba. In mun tambaya sai ta ce duk sun rasu, ta tashi ta kama wani aiki.

Na dawo na zauna a ƙasa a gabanta.

"Inna, Iyar nan da kike faɗa, ya sunanta?"

Ta rufe baki da hannu. "Ke ba ki da kunya? A faɗi sunan uwa?" Ta waiga hagu da dama, ta matso kusa da kunnena. "Halimatu Sadiya. Amma Baba, Sadiya kawai yake cewa."

Anti Hilda ta zauna a kan ciyawa ba ta shirya ba.

"Fauzi, kin ji abin da na ji?"

Na ji. Na jira tsoro ya zo, ko kuka. Babu wanda ya zo. Bayana ne kawai ke ciwo, ga yunwa. Sai can tunanin ya iso. Mutanen da ke waje sun yarda maita a nono ake shanta. In suka ji sunan nan daga bakin Inna, ba wanda zai ƙara tambayar komai.

"Kada ta faɗa a gabansu," na ce.

"To mu fita da ita yanzu. Mama, ta ina kika shigo?"

"Ta ƙofar mata mana." Inna ta nuna bayan madafi.

Anti Hilda ta kutsa cikin ciyawa, ba ta jima ba ta dawo tana haki.

"Akwai ƙaramin ƙofa, ciyawa ya rufe shi. Yana fita lungu, ba kowa a wurin. Oya, kama ta."

Muka kama ta, ni dama ita hagu. Inna ta ƙanƙame dutsen bakin rijiya.

"Ba inda za ni. Iya ta ce in jira ta."

"Iya na waje tana jiranki, Inna."

Irin wannan maganar ta zama min abin kullum. Da ita nake ba ta abinci, da ita nake mata wanka. Yau ba ta ci ba.

"Ƙarya kike. Ta ce kada in motsa sai ta kira ni da bakinta."

Muka ja da ƙarfi, sai ta fasa ƙara.

Nan take hayaniyar waje ta tashi. Kawuna suka fara ɓullowa ta saman katanga.

"Ga ta can. A bakin rijiyar take, wallahi a bakin rijiyar."

Anti Hilda ta sake ta. "Ba za mu iya ɗaukanta ba. Ki zauna da ita. Ni zan bi lungu in kawo 'yan sanda, ko da hannu zan jawo su."

"Anti, kada ki bar ni."

"In na zauna, mu uku za su haɗa. Kira yayanki."

Ta tattare siket ta ɓace a bayan madafi.

Na kira Yaya Fakhru. Yana ɗauka ya ce, "Na gani a waya. Ina hanya, mun maƙale wajen Dutsen Zuma, tirela ce ta faɗi. Fauziyya, sau nawa zan ce ki riƙa rufe ƙofa?"

Na kashe wayar.

Inna ta daina ƙara kamar ba ita ba. Ta buɗe hannuna ta kwashe duwatsunta, ta watsa su a ƙasa, ta cilla ɗaya sama ta cafe. Hannun da ba ya iya riƙe kofi, ga shi yana kwasar duwatsu ko ɗaya bai kuɓuce ba.

"Ɗazu na ga wata 'yar yarinya a lungu," ta ce, idonta na kan wasan. "Na taɓa kanta, zafi rau. Na ce ta je gida ta kwanta. Uwarta ba ta kula ne?"

"Ta kula, Inna."

"To madalla."

Na jingina da bakin rijiyar. Rijiyar da ake tsorata mu da ita, ga ni na jingina da ita, har idona na neman rufewa.

Ƙarar ƙyaure ce ta tashe ni.

Mutanen da suka shekara suna canja hanya don kada su bi ta jikin bangon nan, yau ga su suna turereniya a zaurensa. Da suka fito tsakar gida dai kowa ya rage sauri. Suka zagaye mu daga nesa-nesa, suna tattake ciyawa.

Maman Umaima ce kawai ta ƙaraso har gabanmu, da yarinyar a kafaɗa, wata mata na biye da ita da tabarma. Suka shimfiɗa, suka kwantar da ita.

'Yar ƙarama ce, da sabon kitso. Idanunta sun juye, haƙora a datse, hannu da ƙafa sai fizga suke. Daga inda nake ina jin hucin jikinta.

"Don Allah ki kai ta asibiti," na ce. "Zan raka ki."

"Za a kai. Ta tsallaka tukuna."

"Wallahi Innata ko sunanta ba ta riƙewa. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki. Da mayya ce, da ni za ta fara ci, ni ce kusa."

"Wa ya sani ko tare kuke ci," in ji mai jar hula.

Maman Umaima ta zube a gabana, gwiwoyinta a caɓi.

"Ba faɗa na zo yi ba. Dube ni, na durƙusa miki. Ba sai ta tuɓe ba, ba sai ta ce komai ba. Ƙafa kawai za ta ɗaga. In ba ita ba ce, me zai rage ta? Ke ba ki haihu ba, ba ki san abin da nake ji ba."

Na dubi yarinyar a kan tabarma.

"'Yata, zo."

Malam Siddiq ne. Hularsa ta karkace, aljihun rigarsa ya yage. Ya ja ni gefe ya rage murya.

"Ni na yi karatu daidai gwargwado, na san rai a hannun Allah yake. Amma dubi hannayen yaran can."

Na duba. Rabin bulo. Gora. Wani na riƙe da ƙaramin galan.

"Ba na iya tare su. Na gwada, kin ga yadda na koma."

"Baba, in ta tsallaka an ce ita ce."

"An ce. Amma za ta kwana da ranta."

"Ɗauka suke a waya. Kafin magariba duk Kwamba ta gani."

"Na sani."

"Kitso nake yi, Baba. Wa zai ƙara ba ni kansa? Mai gidan hayarmu ma ba zai bar mu ba."

"Duk na sani. Sai dai ki saurare ni. Matar da aka kashe a wurin nan da kike tsaye, taurin kai ne ya ja mata. Mahaifina yana wurin, ya sha ba mu labari. Yaro aka kwantar mata kamar haka, aka yi ta roƙonta ta tsallaka, ta ƙi. Da ta ɗaga ƙafa, da tsufa ne zai kashe ta a kan gadonta. Kada ki bari a maimaita a kan idona."

Na waiga wajen madafi. Ba Anti Hilda, ba alamarta.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na gaji ne. Na gaji da wanki, na gaji da nema, na gaji da idanun mutane a kaina. So nake kawai in kai ta gida, in wanke mata hannu in shafa mata mai, in kwanta ko a siminti ne. In sun ce mayu ne mu, su ce. Dama tun da ta fara ciwon nan ba wanda ke shigowa gaishe mu.

"To," na ce.

"Ta yarda," wani ya faɗa, maganar ta zaga. Wayoyi suka ɗagu sama.

Na koma wajen Inna na durƙusa.

"Inna, tashi. Iya ta yi kira."

Ta tsayar da wasan. "Ta kira?"

"Ta kira. Ba ki ji ba ne, ana hayaniya."

Ta ƙulle duwatsun a bakin zaninta, ta miƙo min hannu kamar ƙaramar yarinya. Na ɗaga ta. Muka taka a hankali har bakin tabarmar.

"Ɗaga ƙafarki ki tsallaka, kamar yadda muke tsallaka kwata. Shi ke nan sai mu tafi."

Na sunkuya na kama ƙafarta ta dama don in taya ta.

Ƙafar ta ƙi ɗaguwa.

Na ɗago kai. Murmushin ya tafi. Ta kalli tabarmar, ta kalli yarinyar, sannan ta bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dawo," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta.

"Inna, yi shiru. Ɗaga ƙafar kawai."

"Iya ta tsallaka."

"Inna."

"Ta tsallaka. Ina cikin madafi. Ta ce in ɓuya a bayan randa, kada in motsa sai ta kira ni. Ina gani ta tsagar ƙyaure. Suka ce in ta tsallaka ba wanda zai taɓa ta, har rantsuwa suka yi. Ta ce ita ba mayya ba ce, amma saboda yaron za ta yi. Ta tattare zaninta ta tsallaka."

Malam Siddiq ya ɗan ja da baya.

"Tana sauke ƙafa wani ya ce, to kun gani, ta amsa da kanta. Shi ya fara jifa. Na jikin gidanmu, mai ba ni rake in na gaishe shi."

Makullin ya suɓuce daga hannun Malam Siddiq. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

Inna ta dube ni.

"Har yanzu ba ta kira ni ba."

Sai ƙus-ƙus ya fara daga baya.

"Wace Iya take cewa?"

"Sadiya take nufi."

"'Yar Sadiya ce. Ashe ta bar baya."

"To ai ga jikar nan ma a tsaye."

Na saki ƙafar Inna. Na miƙe, na ja ta baya, na tsaya tsakaninta da tabarmar.

"Ba za ta tsallaka ba."

Maman Umaima ta dube ni kamar ba ta ji ba. "Kin ce to. A gaban mutane kika ce to."

"Na ce. Na fasa. Ɗauki 'yarki mu tafi asibiti, ni zan goya ta, na rantse miki da Allah."

"Matsa."

"Ba zan matsa ba."

Rabin bulo ya faɗo kusa da ƙafata, caɓi ya fallatso min har fuska. Malam Siddiq na cewa ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron Allah, muryarsa ba ta kai ko'ina ba.

Sai matar da ta kawo tabarma ta ce, "Maman Umaima. Ta daina."

Duk muka duba.

Yarinyar ta daina fizga. Hannunta ya sauka a kan tabarma, tafin a buɗe.

"Umaima," uwar ta ce a hankali. Ta girgiza ta. "Umaima, tashi, ga Mama."

Ta kara kunnenta a ƙirjin yarinyar. Ta daɗe a haka. Ba wanda ya motsa, har masu waya.

Sai na ji an ja hijabina ta baya.

"Fauziyya."

Na waiga. Idanun Inna a kaina suke, ta san wadda take kallo.

"Shiga madafi ki ɓuya," ta ce. "Kada ki motsa sai na kira ki."